Baƙon da Aka Hana Zama Ɗan Gari: Sharhi Kan Hoton Musulmi a Bakin 'Yan Siyasar Birtaniya



Duk wanda ya yi ko da zangon karatu ɗaya a ƙasar nan ta Birtaniya, yana kuma ɗan kunna rediyo da safe kafin ya fita lacca, ya san akwai wata muhawara da ba ta tsufa a bakin 'yan siyasa, wato maganar ko Musulmin da suka zo ƙasar sun cuɗanya da mutanen gari ko kuwa sun ware kansu. Takan lafa na wasu watanni, da zarar wani abu ya faru ko zaɓe ya ƙarato sai a sake tono ta. Abin da na lura da shi shi ne, kullum a kanmu ake maganar, amma da wuya a yi ta da mu. Shi ya sa na ga ya dace in yi amfani da wannan fili da mujallarmu ta ba ni, in ɗauko wasu daga cikin fitattun jawabai da rubuce-rubucen da aka yi a kan batun daga 2001 zuwa 2024, in yi masu irin karatun da malamin adabi ke yi wa littafin wasan kwaikwayo: su wane ne 'yan wasan, wace riga aka sa wa kowannensu, wa aka bari ya yi magana, wa kuma aka rufe wa baki.

Ba ina nufin duk abin da aka faɗa ƙarya ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma zan zo kan namu laifin a gaba. Abin da nake suka shi ne hoton da ake zanawa, domin da hoto ake yin doka, da shi ake ɗaukar ma'aikaci ko a ƙi shi, da shi kuma ake jifan masallaci.

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Kalmar da ake ta juyawa a wannan muhawara, wadda mu za mu kira cuɗanya, ba jiya aka fara amfani da ita ba. A 1966, Roy Jenkins, wanda yake sakataren harkokin cikin gida a lokacin, ya fassara ta da cewa ba ana nufin a murƙushe baƙi har su zama kwafin Turawa ba ne, ana nufin a ba kowa dama daidai wa daida, kowa ya riƙe al'adarsa, a kuma yi haƙuri da juna. A wannan fassara nauyin yana kan ɓangarori biyu, kuma mafi yawansa yana kan hukuma, tunda ita ke da ikon buɗe ƙofar aiki da ta makaranta da ta gidan haya.

To, sai mu tsallako shekara 40. A watan Disamba na 2006 Firayim Minista Tony Blair ya yi jawabi inda ya mayar da cuɗanya wajibi a wuyan baƙo, har ya ce wanda ba zai bi tsarin ƙasar ba to kada ma ya zo. A watan Fabrairu na 2011 kuma David Cameron ya tsaya a birnin Munich na Jamus ya ce manufar barin kowa da al'adarsa ta gaza, kamar yadda Angela Merkel ta faɗa game da ƙasarta a watan Oktoba na 2010. Abin lura a nan shi ne wurin da Cameron ya zaɓa, domin taron harkokin tsaro ne na ƙasa da ƙasa. Wato maganar zaman maƙwabtaka ta tashi daga hannun masu kula da gidaje da makarantu, ta koma hannun masu yaƙi da ta'addanci. Kuma a ranar da yake wannan jawabi, ƙungiyar EDL mai ƙyamar Musulmi tana zanga-zanga a titunan Luton.

A taƙaice, kalmar ba ta sauya ba amma abin da ke cikinta ya sauya. Da ana nufin zare ya shiga saƙa da launinsa, yanzu ana nufin gishiri ya narke a miya har a daina ganinsa. Ɗan siyasa yakan faɗi ta farko da baki, ya auna mutane da ta biyu.

Garuruwan masaƙu

A bazarar 2001 an yi tarzoma a Oldham da Burnley da Bradford tsakanin samari 'yan asalin Pakistan da Bangaladash, da Turawa masu tsattsauran ra'ayi, da 'yan sanda. Rahoton da Ted Cantle ya jagoranta, wanda ya fito a watan Disamba na shekarar, ya ce al'ummun waɗannan garuruwa suna rayuwa ne kafaɗa da kafaɗa ba tare da sun haɗu ba, kowa da unguwarsa, da makarantarsa, da shagonsa. Wannan gaskiya ce, kuma shi rahoton bai ɗora laifin a kan ɓangare ɗaya kaɗai ba. Amma da maganar ta shiga bakin 'yan siyasa sai ta taƙaita ta koma cewa Musulmi ne suka killace kansu.

Abin da ake tsallakewa shi ne tarihi. Iyayen waɗannan samari an ɗauke su aiki ne a masaƙun arewacin Ingila a shekarun 1950 da 1960, galibi aikin dare da 'yan ƙasa ba sa so. Suka sayi tsofaffin gidaje masu arha kusa da masaƙa saboda su ne aljihunsu zai iya ɗauka. Da masaƙun suka durƙushe a shekarun 1970 da 1980, wurin da Bature da Ba'asiye suke haɗuwa kullum ya rufe. Mai hali ya tashi ya bar unguwa, marar hali ya zauna. A farkon shekarun 1990 ma hukumar da ke yaƙi da wariyar launin fata ta samu ƙaramar hukumar Oldham da nuna bambanci wajen rabon gidaje. Saboda haka idan aka ga layi guda babu Bature ko ɗaya, tambaya biyu ce ya kamata a yi: wa ya shigo, wa kuma ya fita? Ta farko kawai ake yi. A 2005 Trevor Phillips ya yi gargaɗin cewa ƙasar tana tafiya cikin barci zuwa ga wariya, sai masana ƙidayar jama'a biyu, Nissa Finney da Ludi Simpson, suka fitar da littafi a 2009 suna nuna cewa alƙaluma ba su goyi bayansa ba, domin 'yan tsiraru suna ta bazuwa ne zuwa sababbin unguwanni da zarar sun samu hali. Jawabin ya cika jaridu, littafin kuwa sai a ɗakin karatu na jami'a.

'Yar wasa ta farko: mace mai niƙabi

A watan Oktoba na 2006, Jack Straw, ɗan majalisa mai wakiltar Blackburn kuma tsohon sakataren harkokin waje, ya rubuta a jaridar Lancashire Telegraph cewa yakan roƙi matan da suka zo ofishinsa da niƙabi su buɗe fuska, domin a ganinsa niƙabi alama ce ta rabuwa da bambanci. In za a yi adalci, rubutun nasa cikin ladabi yake, bai nemi a hana ba, ya kuma ce yakan tabbatar akwai ma'aikaciya mace a ɗakin. Amma mai karatu ya dubi abin da ke cikin labarin da kyau. Ga mace ta bar gidanta, ta je ofishin ɗan majalisarta, ta kai kukanta da harshen Ingilishi kamar yadda tsarin dimokuraɗiyya ya tanada. In wannan ba cuɗanya ba ce, mece ce? Amma ba a ga tafiyarta ba, ƙyallen da ke fuskarta aka gani. Ba mu taɓa jin abin da ya kai ta ofishin ba, ko matsalar gida ce, ko ta asibiti, ko ta makarantar yara. Blair ya goyi bayan Straw, jaridu suka yi makonni suna buga hoton idanu biyu cikin baƙin ƙyalle. A 2010 Straw ya ba da haƙuri a kan abin da maganarsa ta jawo, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Masu sa niƙabi 'yan ƙalilan ne ƙwarai cikin matan Musulmi, kuma mu kanmu mun san malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa. Amma duk da haka ita aka zaɓa ta wakilci miliyoyin mutane, saboda hotonta ya fi sauƙin sayarwa. Ba a nan kaɗai ba. Lokacin da Faransa ta yi dokar hana rufe fuska a 2010, ƙiyasin hukumomin ƙasar ya nuna matan da abin ya shafa ba su wuce 2,000 ba. A Suwizalan an yi ƙuri'ar raba gardama a 2009 aka hana gina hasumiyar masallaci, alhali hasumiya 4 ce kacal a duk faɗin ƙasar.

A watan Janairu na 2016 wannan 'yar wasa ta sake fitowa da wata rigar. Cameron ya ce kashi 22 cikin 100 na matan Musulmi a Ingila ba sa jin Ingilishi ko kuma kaɗan suke ji, ya ware fam miliyan 20 don koyar da su, ya kuma danganta rashin harshen da haɗarin faɗawa tsattsauran ra'ayi. Babu mai hankalin da zai ƙi a koya wa uwa harshen da za ta yi magana da likita da malamin ɗanta. To amma watanni kaɗan kafin nan, a 2015, gwamnatinsa ce ta janye fam miliyan 45 daga shirin koyar da baƙi Ingilishi. An rushe ajin, sannan aka zo ana tuhumar ɗaliba da ƙin zuwa makaranta. Bugu da ƙari, samarin da suka kai hari a ƙasar nan ba rashin Ingilishi ne ya dame su ba, da shi suka tashi. A watan Agusta na 2018 kuma Boris Johnson ya rubuta a jaridar Daily Telegraph yana kamanta masu niƙabi da akwatin jefa wasiƙa da 'yan fashin banki, duk da cewa a rubutun yana adawa ne da dokar hanawa. Bai cika shekara guda ba ya zama Firayim Minista.

A duk waɗannan fitowa uku, ana cewa ana son a 'yantar da ita, amma babu wanda ya miƙa mata abin magana.

Ɗan wasa na biyu: saurayin da ake tsoro

Wannan ɗan wasa ba ƙirƙirarsa aka yi daga iska ba. Ranar 7 ga Yuli 2005 samari huɗu sun kashe mutum 52 a Landan, uku daga cikinsu a ƙasar nan aka haife su. A 2017 an kashe mutum 22 a zauren kiɗa na Manchester, cikinsu har da ƙananan yara. Duk Musulmin da ya ce waɗannan ba su shafe shi ba, bai yi wa kansa adalci ba. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake ɗaukar laifin mutum huɗu a shafa wa miliyoyi, a kuma mayar da alamun riƙo da addini, irin su gemu da sallar jam'i da ƙin shan giya, su zama matakin farko na tsanin da zai kai mutum ga ɗaura bam.

Mu ɗaliban da suka fito daga Nijeriya mun ɗanɗana wannan. Ranar 25 ga Disamba 2009 Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ya tashi daga Amsterdam zuwa Detroit. Ya yi karatu a wata kwalejin jami'ar Landan daga 2005 zuwa 2008, har ya shugabanci ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta wurin. Nan take aka fara kallon kowace ƙungiyar ɗalibai Musulmi a matsayin gidan ƙyanƙyasar 'yan ta'adda, Amurka kuma ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashe 14 da za a tsananta binciken matafiyansu. Abu biyu ne ba su samu gurbi sosai a labarin ba. Na farko, mahaifinsa da kansa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja a watan Nuwamba na 2009 ya yi gargaɗi a kan ɗansa. Na biyu, kwamitin binciken da aka kafa ya ba da rahoto a 2010 cewa bai ga shaidar da ta nuna a kwalejin ne aka juya masa tunani ba. Uban da ya kai ƙarar ɗan cikinsa shi ma Musulmi ne, amma ɗan ne aka ɗauka a matsayin samfurinmu.

Sai kuma badaƙalar makarantun Birmingham ta 2014, wadda ta samo asali daga wata wasiƙa marar sa hannu da ke iƙirarin akwai makircin da masu tsattsauran ra'ayi suka ƙulla na ƙwace makarantun gwamnati. Mutane da yawa sun yi amanna wasiƙar ta bogi ce. Duk da haka sakataren ilimi Michael Gove ya naɗa tsohon shugaban sashen yaƙi da ta'addanci na 'yan sanda, Peter Clarke, ya yi bincike, aka kuma bi makarantu 21 da duba. An samu matsaloli na gaske a wasu daga cikinsu ta fuskar shugabanci da cusa ra'ayin addini mai tsauri. Amma kwamitin ilimi na majalisa ya ce a 2015 bai ga shaidar wani makirci mai ɗorewa ba, shari'ar ladabtarwa da aka yi wa manyan malaman kuma ta rushe a 2017 bayan an gano lauyoyin ɓangaren hukuma sun ɓoye wasu bayanai. Abin takaici a nan shi ne, iyaye Musulmin da suka shiga kwamitocin makarantu sun yi abin da kullum ake cewa ba ma yi ne, wato shiga harkar jama'a. Da suka zauna a gida an ce sun ware kansu, da suka fito an ce sun zo ƙwace. Daga 2015 kuma doka ta wajabta wa malaman makaranta da na jami'a da ma'aikatan asibiti su sa ido a kan alamun tsattsauran ra'ayi ƙarƙashin shirin Prevent, wanda ya sa ɗalibi da yawa ke auna kalamansa a aji kafin ya yi tambaya a kan Falasɗinu ko Iraƙi.

Wasa da alƙaluma

Ɗan siyasa ba ya zana hoto shi kaɗai, jarida da masu jin ra'ayin jama'a ne ke niƙa masa launi. A watan Nuwamba na 2015, kwanaki kaɗan bayan harin Paris, jaridar The Sun ta buga a shafinta na farko cewa ɗaya cikin kowane Musulmi biyar na ƙasar yana tausaya wa masu iƙirarin jihadi. Da aka duba tambayar da aka yi wa mutane, sai aka ga ba a ambaci ƙungiyar IS ba ko kaɗan, an tambaye su ne ko suna tausaya wa samarin da suka tafi yaƙi Siriya, wanda zai iya zama tausayin wanda aka yaudara, ko ma wanda ya tafi yaƙar IS ɗin. A watan Maris na 2016 hukumar sa ido kan jaridu ta yanke cewa kanun ya ɓatar da mai karatu ƙwarai. Amma nawa ne suka ga gyaran cikin waɗanda suka ga kanun?

A watan Afrilu na 2016 tashar Channel 4 ta nuna wani shiri da Trevor Phillips ya gabatar a kan abin da Musulmin Birtaniya suke tunani. An yi tambayoyin ne kawai a unguwannin da Musulmi suka kai kashi 20 cikin 100 ko fiye, waɗanda galibi su ne mafi talauci, sannan aka gabatar da sakamakon a matsayin ra'ayin kowa. Binciken ya nuna ra'ayoyi masu tsauri a kan zamantakewa, wannan haka ne. Amma shi dai binciken ya nuna kashi 86 cikin 100 suna jin su 'yan Birtaniya ne sosai, adadin da ya ɗara na sauran jama'a. Ba wannan aka ɗora a gaba ba.

Sakamakon irin wannan yana bayyana a tunanin talaka. A binciken kamfanin Ipsos na 2016, mutanen Birtaniya sun ƙiyasta cewa Musulmi sun kai kashi 15 cikin 100 na ƙasar, alhali a lokacin ba su cika kashi 5 ba. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 ne a Ingila da Wales, wato kashi 6.5 cikin 100, kuma kusan rabinsu a nan aka haife su. Wannan ya kawo mu ga babban kuskuren muhawarar: ana kiran mutum baƙo alhali a asibitin Bradford aka yanke masa cibi, kakansa kuma yana kwance a maƙabartar garin. Masallacin Woking tun 1889 yake tsaye. Sai yaushe baƙo zai zama ɗan gari?

Ɗan wasa na uku: Musulmin kirki

Kowane wasa yana da wanda ake tafa wa. A nan shi ne Musulmin da ya ci gasar gudu, ko ta girki, ko ya zura ƙwallo. Ana nuna shi don a ce wa sauran, ga yadda ya kamata ku zama. Amma Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, shi kuwa wannan ko ya shekara arba'in ɗin ba a daina duba hannunsa. Sadiq Khan ɗan direban bas ne, lauya ne, ya ci zaɓen magajin garin Landan a 2016 da 2021 da 2024. A yaƙin neman zaɓen 2016 abokan hamayyarsa sun yi ta alaƙanta shi da masu tsattsauran ra'ayi, har wasu manyan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau suka soki salon kamfen ɗin nasu. A watan Fabrairu na 2024 ɗan majalisa Lee Anderson ya ce masu kishin Islama sun mallake shi, maganar da ta sa jam'iyyarsa ta dakatar da shi. Idan mutumin da mutanen Landan suka zaɓa sau uku bai ci jarrabawar ba, to jarrabawar ba a shirya ta don a ci ba. Tun a 2011 Sayeeda Warsi, wadda take shugabar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau a lokacin, ta ce ƙyamar Musulmi ta zama abin da ake furtawa a wurin cin abinci na masu mutunci ba tare da jin kunya ba.

Waɗanda ba a sa a wasan ba

Ana gane wasa da waɗanda aka bari a waje. Likitoci huɗu na farko da cutar korona ta kashe a ƙasar nan a 2020 duka Musulmi ne, biyu 'yan asalin Sudan, ɗaya Pakistan, ɗaya kuma Dakta Alfa Sa'adu ɗan Nijeriya, wanda ya ci gaba da duba marasa lafiya bayan ya yi ritaya. A 2017, lokacin da wani ya bi ta kan masallata da mota a Finsbury Park ya kashe mutum guda, limamin masallacin ne ya tsaya ya hana jama'a taɓa shi har 'yan sanda suka iso.

Haka kuma babu mai ɗaukar aiki a cikin wasan. A 2017 BBC ta aika takardun neman aiki iri ɗaya zuwa wurare 100, ɗaya da sunan Adam ɗaya da sunan Mohamed, aka kira na farko ganawa sau 12, na biyu sau 4. Binciken kwalejin Nuffield ta Oxford na 2019 ya nuna 'yan tsiraru sai sun aika takardu fiye da na Bature da kashi 60 cikin 100 kafin su samu amsa daidai da tasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba a cuɗanya da ƙofar da aka kulle.

Mu ma Musulmin Afirka ba ma cikin wasan. In an ce Musulmi, ɗan Pakistan ake gani, in an ce baƙar fata, mai zuwa coci ake gani. Kakanninmu da suka yi wa Sarkin Ingila yaƙi a Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ba a tuna su. Amma in guguwa ta taso, ba a tambayar mai hijabi a tashar bas ko daga Kano take ko daga Lahore.

Namu laifin

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rahoton Alexis Jay na 2014 ya nuna an lalata yara aƙalla 1,400 a Rotherham tsakanin 1997 da 2013, kuma mafi yawan waɗanda aka ambata da laifin 'yan asalin Pakistan ne. Hukumomi sun yi sakaci, amma akwai 'yan'uwa da maƙwabta da suka ga alamu suka yi shiru don gudun abin kunya. Akwai auren dole. Akwai masallatan da ba su da wurin mata, da waɗanda ake huɗuba da harshen da samari ba sa ji. Duk wanda ya ɓoye waɗannan don kada maƙiyi ya ji daɗi, ya ba maƙiyin makami ne, ya kuma zalunci yarinyar da aka cuta.

Mu ɗalibai kuma mu tambayi kanmu. Nawa ne cikinmu suka yi shekara uku a ƙasar nan ba su taɓa shiga gidan Bature ba, ba su kuma taɓa gayyatar maƙwabci buɗa-baki ba? Daga ɗaki sai laburare, sai masallaci, sai gidan ɗan'uwa a ci tuwo a yi hirar siyasar gida. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu da muka fito daga ƙasar da har yau ake hana mutum gurbin karatu ko aikin gwamnati saboda ba shi da takardar shaidar zama ɗan asalin jiha, ko da a nan aka haifi ubansa, mun san wannan ciwo ta fuska biyu. 'Yan'uwanmu na zangunan Gana ma ba su manta da korar baƙi ta 1969 ba, kamar yadda 'yan Gana ba su manta da ta Nijeriya ta 1983 ba. Wanda yake neman a ɗauke shi ɗan gari a Leicester, ya kamata ya duba yadda yake kiran mutumin Sabon Gari in ya koma gida.

Kammalawa

Wani zai ce ai duk wannan magana ce kawai, 'yan siyasa na neman ƙuri'a. Sai ya tuna da abin da ya faru a ƙarshen watan Yuli na 2024. An kashe yara mata uku a Southport, cikin 'yan sa'o'i aka baza ƙarya a intanet cewa maharin Musulmi ne mai neman mafaka da ya shigo ta kwalekwale. Washegari aka far wa masallacin garin da duwatsu, tarzoma ta bazu zuwa garuruwa da dama, har aka yi yunƙurin ƙona otal da masu neman mafaka a ciki a kusa da Rotherham. Ashe yaron a Cardiff aka haife shi, iyayensa kuma Kiristoci ne 'yan asalin Ruwanda. Ƙaryar ta karɓu da sauri ne saboda an shekara fiye da 20 ana ɗinka rigar, saura kawai a samu wanda za a sa wa. Amma don a cika adalci, da gari ya waye mutanen unguwar ne, galibinsu ba Musulmi ba, suka fito da tsintsiya da bulo suka gyara katangar masallacin. Su ma ba a cika sa su a wasan ba.

Wannan riga tsohuwa ce. An sa wa Katolika 'yan Ailan ita a ƙarni na 19, an sa wa Yahudawan gabashin Turai ita har aka yi dokar taƙaita shigowar baƙi ta 1905, aka ce addininsu ba zai taɓa jituwa da ƙasar ba. Yau babu mai tambayar jikokinsu. Sai dai abin bai zo masu a sama ba, sun yi rubutu, sun shiga ƙungiyoyin ƙwadago, sun tsaya zaɓe.

Shawarata gare mu guda uku ce. In ka ji an kawo alƙalami a kan Musulmi, nemi asalin tambayar da aka yi da waɗanda aka tambaya, tunda mu ɗalibai ne, wannan aikinmu ne. In an kira taro a jami'a ko a unguwa, ka je ka yi magana da bakinka, domin kujerar da ka bari wani ne zai hau ya yi magana da sunanka. Sannan mu riga kowa faɗar aibinmu, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah Ya ba mu abin da muka zo nema, Ya sa mu zauna lafiya da waɗanda muka tarar, Ya kuma mayar da mu gida cikin aminci. Wassalam.